Daga Majema Zuwa Ɗakin Bincike: Bagaruwa Da Makomar Leda

Kowa ya san irin ɓarnar da leda ke yi mana. Tana toshe magudanan ruwa, tana kashe awaki da tumaki idan suka haɗiye ta, kuma ƙasa ba ta iya cinye ta. Duniya na ƙera roba fiye da tan miliyan 400 a shekara, wadda ake sake sarrafawa kuwa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. To, amma hani kaɗai ba ya wadatarwa, sai an samo wa mai tsire da mai kifi abin da za su naɗe hajarsu.

Masana kimiyya sun daɗe suna yin wani falle siriri daga furotin na masara, ko waken suya, ko fata da ƙashi. Idan an yar da shi, ruɓewa yake yi kamar ganyen da ake ɗaure goro da shi. Sai dai yana da aibi biyu: saurin tsagewa, da shan laima. Maganin na farko shi ne gilisarin, wanda ke sa shi laushi. Na biyun kuwa, a nan tsirrai ke shigowa.

Majemanmu sun san cewa bagaruwa na mayar da ɗanyar fata kirgi. Dalili kuwa, akwai sinadarin tanin a cikinta, wanda ke kama zaren furotin ya ɗaure su da juna. Aikin da yake yi ke nan a cikin fallen. A Jami'ar Firitoriya ta Afirka ta Kudu an gwada tanin a kan fallen furotin dawa, aka ga ya ƙara masa ƙarfi, ko da yake ya rage masa miƙewa. Haka nan man kanumfari da na kirfa suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ruwan zoɓo kuma yana sauya launi idan kifi ya fara lalacewa.

A ganina, bai kamata mu zauna jiran a kawo mana wannan fasaha daga ƙetare ba, alhali ga dawa, ga bagaruwa, ga fatu a hannunmu. Amma da sharaɗi: kada a taɓa hatsin da ke rumbu. Ƙasar da ke fama da tsadar abinci ba ta naɗe kaya da tuwonta. A nemi furotin a dusa, da tunkuza, da guntayen fatar da majemu ke zubarwa. Sannan a duba kuɗi, domin muddin leda ta fi araha, ita mai shago zai ɗauka.

Saboda haka, ina kira ga masana kimiyyarmu da su taka zuwa majema, su saurari masu sana'ar tun dattawansu na raye. Allah ya sa mu dace, amin.