Ba Kowace Allura Ce Magani Ba

Ya kai mai fama da ciwon baya ko ɗaurewar wuya, a Kurawa kake ko Sabon Birni ko Isa, ka yi damina a sunkuye, ka yi kaka kana dakon dammunan gero, yanzu kafaɗa ta sanƙare. Na san inda za ka nufa. Ranar kasuwa za ka shiga kemis ka ce a yi maka allura, domin a wurinmu wanda ba a tsira wa allura ba gani yake ba a yi masa magani ba. Wannan tunani nake yaƙa a yau.

Ga kuma sabon yayi ya shigo ta wayoyinmu, wanda ake kira busasshiyar allura. Siririyar allura ce da babu magani a cikinta. Masanin gashin ƙashi yakan lalubo ƙullin da ya taurare a tsoka, ya soka ta daidai wurin, tsokar ta zabura, sannan ta saki. Abin yana da asali. A 1979 wani likitan ƙasar Cek, Karel Lewit, ya nuna cewa sukar ita kanta tana rage zafi ko da ba a ɗura komai ba. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jiyya da irin wannan allura cikin abubuwan da za su iya taimaka wa mai daɗaɗɗen ciwon baya. Sai dai ta jera ta ne tare da motsa jiki da tausa da fahimtar da majiyyaci ciwonsa, kuma ta hana dogaro da magunguna dangin tramadol. Sauƙin da allurar ke kawowa galibi na ɗan lokaci ne. Duk wanda ya ce maka za ta tumɓuke ciwon shekara goma, kuɗinka yake so.

Abin tsoron shi ne hannun da ke riƙe da ita. Huhunka yana kwance dab da haƙarƙari da saman kafaɗa. Allura ta zarce kaɗan, sai ta huda shi, iska ta taru a ƙirji, numfashi ya gagara. Allurar da aka maimaita kuwa tana ɗauko ciwon hanta da ƙanjamau daga jikin wani zuwa naka, kamar yadda askar tsaga da ƙaho ke yi idan ba a tsabtace su ba. Wanda ya koyi sana'ar a bidiyo bai san inda tsoka ta ƙare huhu ya fara ba. Ita ma allurar kemis ba ta kuɓuta ba: yawan diclofenac yana jawo gyambon ciki ya raunana ƙoda, kuma allurar ɗuwawu da ta kauce tana iya taɓa jijiya ƙafa ta shanye.

Za ka ce Sakkwato da nisa, hanya babu tsaro, aljihu babu nauyi. Gaskiyarka. Amma abin da ya fi amfani ga ciwon tsoka yana gidanka, kuma kyauta ne. Gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, a yi maka tausa, ka riƙa miƙe gaɓoɓi safe da yamma, ka ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka. Doguwar kwanciya ƙara ɗaure baya take yi. Uwargida mai daka da jan guga, ke ma ki riƙa hutawa tsakanin aiki.

Akwai kuma ciwon da ba na tsoka ba. Idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ka tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma babu sukar da ke warkar da shi.

Idan har kana son busasshiyar allura, ka nemi ƙwararren masanin gashin ƙashi mai lasisi, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tambaye shi ko ya sami horo a kanta, ka kuma ga an ɓare sabuwar allura a gabanka. Idan kana shan maganin tsinka jini ko kina da juna biyu, a faɗa masa tun kafin ya fara. Wanda ya fusata don ka yi tambaya, ɗauki rigarka ka fita. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.