Tun Daga Laraba: Yadda Ake Buɗe Fim Ɗin Sadaukai

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In akwai sana'ar da wannan magana ta kama sosai, to, sana'ar shirya fim ce. Ko mutum ya biya kuɗinsa ne ya shiga sinima, ko ya zauna gaban akwatin talabijin, ko kuwa wayarsa ya tallafa a hannu, cikin minti goman farko zai yanke shawarar ko zai zauna ko zai tashi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba kuwa shi ne, cikin waɗannan 'yan mintoci masu fim suke zaɓa wa mai kallo wanda zai so da wanda zai ƙi, tun shi bai ankara ba. Yau filin namu zai duba wannan dabara a finafinan sadaukai, watau labarun mutanen da aka ba wani ƙarfi ko wani asiri da ya wuce na sauran 'yan Adam. In mun gama da na ƙasashen waje, sai mu gwada abin da muka koya a kan wani labari namu na nan Keffi.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla ya riga ya san rabin karatun. Sarki ba shi ne yake fara fitowa ba. Sai an ji bindiga ta tashi, an ji kakaki da tambari, hakimai sun wuce ɗaya bayan ɗaya da jama'arsu, 'yan lifidi sun wuce, dogarai sun buɗe hanya, sa'an nan a hango laima daga nesa. Kafin a ga fuskar sarki, girmansa ya riga ya cika zuciyar mai kallo. Haka gwanayen fim suke yi da sadaukinsu. Sukan ɓoye shi, su fara nuna duniyar da zai shigo da irin masifar da ke jiransa, don a sami ma'aunin da za a auna shi da shi ran da ya bayyana.

Mu fara da Superman, wanda Richard Donner ya shirya aka fito da shi cikin 1978. Fim ɗin ya buɗe da labule irin na tsohuwar sinima, hoton baƙi da fari ne, ɗan ƙarami a tsakiyar allo. An rubuta watan Yuni na 1938, watau lokacin da aka fara buga labarin cikin mujallar zane, ga kuma muryar yaro yana karantawa. Daga nan sai kyamara ta ɗaga sama, ta wuce wata, hoton ya buɗe ya cika allo, launi ya shigo, kiɗan John Williams ya tashi. Ba wanda ya buɗe baki ya yi wa mai kallo bayani, amma ya gane cewa an ɗauko wani ɗan abin wasan yara ne za a mai da shi babban al'amari.

Da aka isa Kirifton, duniyar da aka haifi sadaukin, ba a fara da jariri ba, da shari'a aka fara. Ga masu laifi uku tsaye a ƙasa cikin duhu, ga fuskokin dattawan majalisa manya-manya bisa kansu suna yanke hukunci. Girman fuskokin nan da ƙanƙantar waɗanda ake tuhuma sun isa su nuna inda iko yake. Mai ɗaukar hoton, Geoffrey Unsworth, wanda ya rasu kafin a fito da fim ɗin, ya sa kome na wannan duniya ya zama fari fat, har tufafin mutanenta suna ƙyalli, don an ɗinka su da wani yadi mai mai da haske. Dattawan nan su ne suka ƙi jin gargaɗin uban yaron cewa duniyarsu za ta tarwatse, har dole ta sa shi da matarsa suka sa ɗansu cikin kumbo suka tura shi shi kaɗai. Da yaron ya sauka a karkarar Amurka sai launi ya sake, aka koma gonakin alkama da rana mai ruwan zinariya. An ci fiye da minti arba'in kafin a ga Christopher Reeve sanye da rigar da aka zo kallo. Kafin lokacin nan mai kallo ya san cewa mai ƙarfin nan maraya ne wanda ya rasa iyaye da gari da dangi gaba ɗaya, saboda haka tausayinsa ya riga tsoronsa shiga zuciya.

Na biyu ya fi kusa da mu. Tun da Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo finafinan Indiya ƙasar Hausa cikin shekarun 1950, mutanenmu suka rungume su har suka raɗa wa 'yan wasan sunaye, kamar Dharmendra da ake ce wa Sarkin Ƙarfi. Cikin 1987 Shekhar Kapur ya fito da Mr. India, shi kuwa ta ƙofar mugu ya shigo. Tun farkon fim aka kai mu wani tsibiri inda Mugambo yake mulki. Kyamarar Baba Azmi ba ta yi gaggawar nuna fuskarsa ba. An nuna sojoji sahu-sahu suna gaisuwa, an nuna hannunsa, yatsu cike da zobba suna ƙwanƙwasa wani dunƙule da ke bisa hannun karagarsa, ana jin ƙarar kamar ta agogo. Yaransa suna kawo masa labarin ɓarnar da suka shuka a ƙasar Indiya, shi kuwa iyakar ladan da yake ba su shi ne ya ce Mugambo ya ji daɗi. Don ya nuna iyakar ikonsa, sai ya umarci waɗansu sojojinsa su faɗa ramin ruwan guba mai narkar da nama, suka kuwa faɗa ba gardama.

Bayan an cika mai kallo da wannan tsoro sai aka yanke, aka kai shi gidan wani saurayi matalauci mai suna Arun, wanda Anil Kapoor ya fito a matsayinsa. Goge irin na Turawa yake yi, gidansa cike da marayun da ya tattaro, ga bashin mai kanti, ga kuɗin haya. Can an jera kome bisa tsari cikin ƙarfe da duhu, nan kuwa hasken rana ne da hayaniyar yara. Tambayar da za ta riƙe mai kallo sa'a uku ta riga ta tsaya da ƙafarta: yaya wannan zai yi da wancan? Amsar ita ce wata na'ura da ubansa ya bari, wadda in ya ɗaura a hannu sai ya ɓace, ba a ganinsa sai ta jan haske. Bahaushe bai sha wahalar gane wannan ba, don ya daɗe da sanin labarin layar zana. Ƙarfin mabuɗin nan ne ya sa har yau masu kallo da yawa ba su san sunan Amrish Puri ba, Mugambo kawai suka sani.

Na uku shi ne Black Panther na Ryan Coogler, na 2018. Shi allo ma baƙi ne da farko, sai muryar yaro yana roƙon ubansa ya ba shi labarin gida, daidai yadda yaranmu sukan kewaye kaka da dare. Uban yana faɗi, siffofi suna tashi daga baƙin rairayi suna rushewa: dutsen da ya faɗo daga sama, ƙabilu biyar, da ƙasar Wakanda wadda ta ɓoye kanta tana kallo ana kwasar maƙwabtanta bayi. Daga nan aka tsallaka birnin Oakland na Amurka cikin 1992, inda yara suke wasan ƙwallo da dare, wani yaro ya ɗaga kai ya ga hasken jirgi yana barin saman gidansu. Sai fim ya yi nisa mai kallo yake gane cewa yaron nan shi ne abokin gāban sadaukin, kuma muryarsa ce aka fara ji. Ashe tun minti na farko an sa mu zauna kusa da wanda za a ce mana mugu ne. Shi kansa sadaukin, farkon aikin da aka nuna ya yi a dajin Sambisa ne na ƙasarmu, cikin dare, ba a gan shi ba sai da kare ya yi haushi aka haska tocila bisa itace.

To, mai karatu, ka ga hanya uku: a fara da rashin da sadauki ya yi, ko a fara da mugu, ko a fara da wanda aka zalunta. Kowace aka bi, an riga an karkatar da zuciyar mai kallo. Yanzu mu dawo gida.

Cikin watan Oktoba na 1902, a filin ƙofar fadar Keffi, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Kyaftin Maloni, Razdan na Lardin Nasarawa. Tafinta Audu Timtim, wanda masu tarihi da yawa suka ɗora wa laifin haɗa su, shi ma bai tsira ba. Magaji ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Gwamna Lugga ya riƙe wannan cikin hujjojinsa, aka ci Kano cikin Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato cikin Maris, a watan Yuli kuma aka yi yaƙin Burmi, inda Magaji ya faɗi tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Har yanzu akwai dutse a Keffi da ake kira da sunan Maloni. Magaji ba ya tashi sama, ba ya ɗaga mota, amma a bakin jama'a ya daɗe da shiga sahun mazajen da ake ba da labarinsu da kirari.

A ce yau an ba wani saurayi kyamara an ce ya ɗauki labarin nan. Da me zai buɗe? In ya fara da Bature mai ciwon ƙafa, wanda sai an ɗauke shi cikin amuku, yana zaune a fili ba makami a hannunsa kamar yadda rahoton Turawa ya nuna, ya kuma sa kyamara a ƙasa tana kallon doki ya taso masa, to, Magaji ya zama Mugambo tun bai yi magana ba. In ya fara da labarin da fatake suke kawowa kasuwa, cewa an ci Bida da Kwantagora da Yola cikin 1901, an ci Bauchi cikin 1902, Turawa sun kafa bariki a Zariya, ya nuna fuskokin dattawa suna saurare shiru, ya ɓoye Magaji sai dai ƙarar kofaton dokinsa a bayan katanga, to, ya zama sadaukin da aka zo wa har gida. In kuwa ya fara da wani ƙauye a gindin dutse da asuba, mata suna daka, sai ƙura ta taso, mahaya suka zo kamun bayi, yaro ɗaya ya tsira cikin dawa yana leƙe, to, wani fim ne dabam, kuma jikokin mutanen ƙauyukan nan suna nan cikin Jihar Nasarawa, su ma za su kalla.

Duk ukun nan akwai gaskiya cikinsu, kuma a nan nauyin yake. Wanda ya zaɓi ɗaya ya binne biyu, ya yi wa tarihi ƙarya ko da kowane hoto da ya nuna ya faru. A ganina darasin Black Panther ya fi dacewa da mu: a buɗe da idon yaron nan na cikin dawa, sa'an nan a kai mai kallo kasuwar Keffi ya ji tsoron da ya cika gari, don ran da Magaji ya fito bisa doki a gan shi cikakken mutum, mai jaruntaka mai kuma alhaki a wuyansa.

Tun da aka fito da Turmin Danya a Kano cikin 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta yi nisa, ta ciyar da dubban mutane. Amma har yanzu sau da yawa akan buɗe fim da jerin sunaye da godiya, sa'an nan a zaunar da mutum biyu a falo su faɗa wa juna labarin da ya kamata a nuna mana da ido. Ba kuɗi ne ya hana ba. Hannu mai zobba, da muryar yaro cikin duhu, da tocila bisa itace, duk ba su fi ƙarfin aljihun kowa ba. Abin da suke bukata shi ne a zauna a yi tunani kafin a kunna kyamara: me za a fara nunawa, me za a ɓoye, a gefen wa za a tsai da mai kallo.

Wannan kira ne ga masu shirya finafinanmu, da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi. Kai kuma mai kallo, ran da ka sake zama gaban wani fim, ka lura da wanda aka fara nuna maka da inda aka ajiye kyamara, ka tambayi kanka dalili. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.