Shekarar Zaman Jira

Ya kai ɗan'uwa da ka gama sakandare! 'Ya'yan Turawa kan huta shekara guda kafin su shiga jami'a don sun ga dama. Mu nan dole ce ke zaunar da mu: ka ci JAMB, gurbi ya ƙi samuwa, makin bana kuma ba ya aiki baɗi. Sai ka sake sayen fom.

To, kada shekarar ta ƙare a majalisa. Je ka wajen tela ko kafinta ka koyi sana'a, littattafanka kuma kada su yi ƙura. Jami'ar ma ba tabbas: a 2022 yajin aikin ASUU ya mayar da ɗalibai gida wata 8. In aka maimaita a zamaninka, wa za ka miƙa wa hannu?