Iyafis Mai Araha: In Kuɗinka Kaɗan Ne, Mai Igiya Ya Fi Na Bluetooth Riba

In ka shiga kasuwar waya a yau, ko Farm Centre ce a Kano ko Banex a Abuja, ka ce kana neman iyafis, abin da za a fara miƙo maka shi ne ɗan akwati mai murfi da 'yan kunne biyu a ciki. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, ya kuma fito da AirPods a ƙarshen shekarar, sai aka koma kallon mai igiya kamar kayan 'yan da. Matashi yana jin kunyar a gan shi da igiya tana reto a ƙirjinsa, ko da kuwa abin da ke kunnensa ya fi na abokinsa daɗin sauti nesa ba kusa ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. In kuɗin da ka ware bai wuce kwatankwacin dala 20 ba, kuma sauti ne ya dame ka, to mai igiya za ka saya. Na Bluetooth yana da wurin da ya yi fice, zan kuma faɗe shi, amma a wannan farashin ba shi ne sayen nagari ba.

Ina kuɗinka yake tafiya?

Mu da muke rubuta manhaja mun saba da tambaya guda: a cikin ɗan abin da kake da shi, me ya cinye kaso mafi tsoka? Haka ya kamata ka kalli iyafis. Na Bluetooth yana ɗauke da batir uku, ɗaya a kowane kunne, ɗaya a akwatin caji. Akwai guntun na'urar da ke karɓar saƙon Bluetooth, da eriya, da makirufo, da sashen da ke mayar da lambobi su zama sauti. Duk waɗannan sai an biya kuɗinsu kafin a zo kan ƙaramar sifikar da ita ce ainihin mai yi maka waƙar. Abin da ya rage mata ba shi da yawa.

Mai igiya kuwa sifika ce da gidanta da igiya. Sauran aikin wayarka ce take yi. Saboda haka kusan duk abin da ka biya ya tafi ne ga sashen da kunnenka zai ji.

Bes ba shi ne ingancin sauti ba

Yadda yawancinmu muke gwada iyafis a shago shi ne a kunna waƙa mai kiɗa, a ƙure ƙara, in kai ya girgiza sai a ce "wannan yana da kyau". Masu ƙera na araha sun san da haka, shi ya sa suke cika bes har ya danne komai.

Kunnen mutum yana jin sauti daga kusan Hz 20 zuwa Hz 20,000. A ƙasa akwai bes, wato amon ganga. A tsakiya muryar mutum take, tare da goge da gurmi. A sama kuma akwai kaifin sauti, irin kaɗawar ƙarfe da fitar haruffa kamar "s" da "ts". In bes ya yi yawa yakan malalo ya rufe tsakiyar, sai ka ji mawaƙi kamar yana rera waƙa daga cikin randa. Mu kuwa yawancin abin da muke saurare murya ce: waƙa, karatu, lacca, fim, saƙon murya na WhatsApp.

Kamfanin Harman, wanda Samsung ya saya a 2017, ya daɗe yana bincike a kan wannan ƙarƙashin jagorancin Sean Olive. Sun riƙa sa mutane su saurara ba tare da sun san sunan abin da ke kunnensu ba, daga nan suka fitar da ma'aunin irin daidaiton sautin da akasarin mutane suka fi so. Abin da ya fito shi ne mutane suna son bes, amma mai tsafta wanda ya tsaya a ƙasa, ya bar murya ta fito sarai. Ƙananan kamfanonin ƙasar Sin sun ɗauki wannan darasi, kuma daga 2022 aka fara samun iyafis na kusan dala 20 da aka daidaita sautinsu da kulawa. Huɗu daga cikinsu sun cancanci ka san su.

Moondrop Chu ya fito a 2022 da gidan ƙarfe. Muryarsa a fili take, amma bes ɗinsa kaɗan ne, kuma igiyarsa ba ta cirewa. Chu II da ya biyo baya a 2023 ya ƙara bes, ya kuma zo da igiya mai cirewa. 7Hz Salnotes Zero shi ne mafi daidaito a cikinsu, babu sashen da ya danne wani, don haka ya dace da mai sauraren karatu ko mai gyaran bidiyo. Tangzu Wan'er ya ɗan fi su taushi da kauri, ba ya gajiyar da kunne in an daɗe. KZ EDX Pro ya fi su araha, ya ɗaga bes da kaifi duka biyu. Yana da armashi a waƙar rawa, amma kaifin nan yakan soki kunne in ka ƙara ƙara.

A ɓangaren Bluetooth, sunan da ya fi yawa a hannun matasanmu shi ne Oraimo, na kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel. Jerin FreePods ɗinsu ƙarfin bes suke tallatawa, kuma shi suke bayarwa. Akwai Redmi Buds da QCY da Soundcore a kusa da wannan farashin. Wasu daga cikinsu suna da manhajar da za ka rage bes da kanka, kuma in naka yana da ita, yi amfani da ita. Za ka yi mamakin muryar da ke ɓoye a ƙarƙashi.

Akwai kuma batun hanya. Bluetooth ba ya aika sauti yadda yake, sai ya matse shi tukuna. Na araha galibi da SBC ko AAC suke aiki. LDAC na Sony, mai kaiwa kbps 990, ba kasafai ake samunsa a wannan farashin ba. In kana son ganin wanda naka yake amfani da shi, shiga Settings, ka je About phone, ka taɓa Build number sau bakwai, sannan ka duba Bluetooth audio codec a cikin Developer options. Sai dai a gaskiya daidaita sifika ya fi wannan tasiri. Haka kuma in waƙar da aka turo maka ta Xender an riga an matse ta zuwa kbps 64, babu iyafis ɗin da zai dawo da abin da aka zubar.

Zaman kunne: robar da kake jefarwa

A cikin kwalin kusan kowane iyafis mai shiga kunne akwai 'yar leda da robobi ƙanana, matsakaita da manya. Da yawa ba sa ko buɗe ta. Alhali ita ce rabin sautin. In robar ba ta toshe ramin kunnenka ba, iska tana fita, bes yana bin ta, sai ka ce an sayar maka da gwangwani. Gwada duka ukun, kowane kunne da nasa, don ba lallai kunnuwanka biyu su zo daidai ba. Alamar ka dace ita ce hayaniyar waje ta ragu tun kafin ka kunna komai.

Siffar gidan ma tana da muhimmanci. Chu ƙarami ne amma ƙarfen yana da ɗan nauyi. Zero yana da kusurwoyi, masu ƙananan kunnuwa sukan ji yana danna su bayan awa ɗaya ko biyu. Wan'er da EDX Pro roba ne marasa nauyi. Dukkansu ta bayan kunne ake ɗora igiyarsu, abin da yake hana su zamewa, ya kuma rage ƙarar gogar igiya da riga.

A nan ne na Bluetooth ya ci nasara, kuma ba zan rage masa ba. In kana motsa jiki, ko kana aikin da hannuwanka ba sa hutawa, ko kina girki wayar tana caji a ɗaki, rashin igiya hutu ne na gaske. Babu abin da zai maƙale a ƙofar Keke Napep ya fizgo wayar. Wanda wannan ne babbar buƙatarsa, ya sayi na Bluetooth da zuciya ɗaya.

Shekara nawa zai yi maka?

Farashin gaskiya shi ne kuɗin da ka biya a raba shi da watannin da abin ya yi yana aiki. Batirin da ke cikin kowane ɗan kunne na Bluetooth ƙarami ne ƙwarai, galibi tsakanin mAh 30 zuwa 50. Batirin lithium yana raguwa da kowane caji, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa. Ka tuna yadda Afrilu take a Sakkwato ko Maiduguri, akwatin yana aljihu ko a kan allon mota. An kuma liƙe batirin ne a ciki, ba a yi shi don a canza ba. Ranar da ya daina riƙe caji, ko kunne ɗaya ya faɗa kwata, kuɗinka ya tafi.

Mai igiya ma yana lalacewa, kuma kusan kullum igiyar ce take tsinkewa daga ciki, a bakin fulogi. Shi ya sa nake cewa ka nemi mai cirewa. Zero da Wan'er da Chu II da EDX Pro duk ana zare igiyarsu a sa sabuwa. Ka dai duba irin bakin kafin ka saya, don ba duka suke shiga juna ba.

Sai abubuwan da ba a rubutawa a kwali. Mai igiya ba ya jiran a kawo wuta. Rediyon FM na yawancin wayoyi da igiyar iyafis yake kama tasha, ita ce eriyarsa, don haka za ka ji labarai ba tare da ƙona data ba. Masu buga Free Fire ko Call of Duty Mobile kuma sun san jinkirin Bluetooth, wanda kan kai kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. YouTube yakan ɓoye shi ta hanyar jinkirta hoton, amma wasa ba ya iyawa, sai an harbe ka sannan ka ji takun.

Ka kuma lura da haruffan talla. ENC da ake rubutawa a kwalayen araha na makirufo ne, yana rage hayaniya ga wanda kake waya da shi. Wanda yake rage hayaniya a kunnenka shi ne ANC. IPX4 na nufin yana jure gumi da yayyafi, harafin X kuma na nufin ba a ba shi makin ƙura ba. A ƙasar da ake hunturu, IP54 ya fi ma'ana.

In wayarka ba ta da ramin 3.5mm, akwai ɗan mahaɗin USB-C mai arha. Tabbatar mai DAC a ciki ne, don wasu wayoyin ba sa aiki da wanda babu. Da yawa daga wayoyin Tecno, Infinix, itel da Redmi masu sauƙin kuɗi har yanzu suna da ramin.

Kunnen da ba a sayar da irinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. In ya kai desibel 90, awa 4 kacal ya rage maka a makon. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da abin da ka saya. Iyafis ɗin da bai toshe kunne ba, ko wanda bes ya rufe muryarsa, shi ke sa ka ƙure ƙara don ka rinjayi janareta da hon ɗin motoci. Wanda ya zauna daidai yana barinka ka ji komai a rabin ƙara. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙugi, gargaɗi ne. Amma toshewar nan tana da nata haɗarin: kada ka sa duka biyu kana tuƙa babur ko kana tsallaka titi.

To wanne za ka ɗauka?

Mai son murya ta fito tsaf, ɗalibi ko mai gyaran sauti, ya nemi Zero. Mai sauraren waƙa na dogon lokaci ya nemi Wan'er ko Chu II. Wanda kuɗinsa ya gaza kuma bes ne ransa, EDX Pro zai ishe shi. Wanda ba ya iya zama da igiya ya sayi na Bluetooth daga kamfani mai suna da garanti, ya guji waɗanda aka buga wa tambarin AirPods ana sayarwa kuɗin katin waya. Kyan ɗan maciji ne.

Waɗannan masu igiyar ba a kowane shago ake samunsu ba, sau da yawa sai an yi oda ta intanet, don haka ka lissafa kuɗin kawowa da canjin dala na ranar. In kuwa a shago za ka saya, je da wayarka da abin da ka saba ji, waƙa ɗaya da murya zalla ɗaya. Sa ƙarar a rabi, ka saurari kowane kunne shi kaɗai, ka tura wa kanka saƙon murya don ka ji makirufon. An ce gani ya kori ji, amma a cinikin iyafis ji ne yake korar gani. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa ka ƙara gaba.