Ƙarfen da Ke Riƙe da Hasken Gida

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama nauyi a wuyan magidanta da yawa, farantan sola kuma suka soma bayyana a kan rufin gidaje daga Kano har Maraɗi. Mai saye yakan shafe makonni yana tambaya a kan batir da inbata, amma idan aka zo ga ƙarfen da za a ɗora farantan a kai, sai ya ce wa yaron shago, "Ku ɗaure kawai." A ganina nan ne kuskuren yake, domin wannan ƙarfe, wanda ya fi komai araha a cikin kayan, shi ke riƙe da dukan kuɗin da aka zuba.

Ba ina cewa sai an sayi maɗorin alminiyam na ƙasar waje ba. Mai waldar unguwa da ke ƙera ƙofa da gadon tankin ruwa zai iya ƙera maɗori mai ƙarko, a kuɗi kaɗan, kuma idan ya lalace shi zai gyara. Abin da ya rage masa shi ne sanin abin da faranti ke buƙata, kuma mai gida ne ya kamata ya zo da wannan sani.

Na farko, alkibla. Muna arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka faranti kudu zai fuskanta. Kano na kan daraja 12, don haka karkata ta daraja 10 zuwa 15 ta wadatar. Kada a shimfiɗa shi kwance sarai, don ƙurar hunturu za ta zauna a kai, ruwan sama kuma ba zai gangara ya wanke ta ba.

Na biyu, iska. Babban faranti mai wat 550 ya haura mita biyu a tsawo, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya, nauyinsa kuma ya kusa kilo 30. Mutane suna tsoron nauyin, alhali iskar farkon damina ce abin tsoro. Tana shiga ta ƙarƙashi ta ɗaga faranti sama, kamar yadda take yaye kwano. Wanda ya kafa maɗori a jikin kwano kaɗai, ko ya ɗaure da waya, ya bar dukiyarsa a hannun hadari, ya kuma jefa maƙwabta cikin haɗari. Dole noti ya ratsa har katako ko ƙarfen da ke ɗauke da rufin, a toshe kowace huda da roba don kada ɗaki ya yi yoyo. Idan katakon ya tsufa ko gara ta ci shi, gara a kafa maɗorin a ƙasa, ƙafafunsa cikin kankare.

Na uku, zafi. A ma'aunin zafi 25 ake auna ƙarfin faranti, kuma duk abin da ya haura haka yana rage wutar da yake bayarwa. Farantin da aka manna da kwano a watan Afrilu gasuwa yake yi. A bar tazarar da ta kai faɗin tafin hannu ko fiye, iska ta riƙa ratsawa.

Na huɗu, tsatsa. Gefen faranti alminiyam ne, kuma idan ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin danshi, sannu a hankali yakan cinye. A shafe ƙarfen da fentin hana tsatsa, a sa roba tsakani, a yi amfani da hudojin da masana'anta ta tanada. Kada a yi walda alhali faranti na kan maɗori, domin tartsatsi na ɓata gilashi. Sannan a haɗa maɗorin da gefen farantan da wayar da ke kai wuta cikin ƙasa.

Wani zai ce wannan duk ƙarin kuɗi ne ga mutumin da da ƙyar ya haɗa na batir. Gaskiya ne, amma masana'antu da yawa suna ba faranti garantin shekara 25, batir kuwa za a sauya shi kafin nan. Maɗorin da ba zai kai shekarun faranti ba asara ce da aka jinkirta, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Saboda haka kafin ka biya mai walda, ka hau ka ga inda notin ya kama, ka girgiza ƙarfen da hannunka, ka tabbatar akwai wurin tsayawa ga wanda zai riƙa share ƙura. Ka sake dubawa kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka.