DAGA BAKIN ALLO: A BAR AIKIN GWAMNATI A KOMA KAMFANI?

 

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ina zaune ƙofar gida nan Cissin ina duba littattafan yara, sai ga wani ƙanena ya jingine babur ya yi sallama. Malamin makaranta ne kamar ni, shekararsa 11 ke nan yana riƙe da alli. Da muka gaisa sai ya ciro wata takarda daga aljihu ya ce, "Yaya, wani kamfani da ke yi wa masu haƙar zinariya kwangila ya ce in zo, zai ba ni ninkin albashina. Sun ba ni mako biyu in yi shawara. Me ka gani?" Na ce masa ya bar ni in kwana da maganar. To, da yake na san ba shi kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuya ba, sai na ga ya kamata amsar ta fito a wannan fili.

Da farko dai ban ga laifinsa ba. Duk wanda ke karɓar albashi ya san wata yakan fi kuɗi tsawo. Ga kuɗin haya, ga buhun masara, ga lantarki da ruwa, ga suna da biki na dangi. Mu kuma Hausawa idan aka ce ɗanmu ma'aikacin gwamnati ne, sai a ɗauka Baitulmali a aljihunsa yake. Ni kaina tun da na fito makarantar horon malamai ta Loumbila, sau biyu irin wannan tunani yana hana ni barci.

Haka kuma ba zan yaudare shi in ce aikin gwamnati tudun mun tsira ne ba. Dattawanmu suna tune da watan Maris na 1984, lokacin da gwamnatin Thomas Sankara ta kori malaman firamare fiye da 1,000 saboda yajin aiki. A 1991 ƙasar nan ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati. Masaƙar Faso Fani ta Kudugu, wadda ma'aikatanta ke ganin sun kama dahir, an rufe ta a 2001. A watan Janairu na 1994 kuwa aka karya darajar sefa da rabi, mai albashi ya wayi gari kuɗinsa ba su sayen abin da suka saya jiya. Daɗin daɗawa, a 2023 makarantu fiye da 6,000 ne suka kasance a rufe saboda rashin tsaro, malamai da yawa suka bar wuraren aikinsu ba shiri.

Amma fa a duba wannan: malamin da aka rufe makarantarsa albashinsa bai tsaya ba, sai dai aka sake masa wurin aiki. Mu je ɗaya ɓangaren mu gani. Gaskiya ne zinariya ta kawo kuɗi ƙasar nan, don tun wajen 2009 ta ture auduga ta zama kan gaba cikin abin da muke sayarwa waje, kuma mahaƙa irin su Essakane da Houndé sun ɗauki dubban mutane aiki. Sai dai a watan Afrilu na 2022 mahaƙar Taparko ta dakatar da aiki saboda rashin tsaro. A cikin watan nan dai ruwa ya cika mahaƙar Perkoa, ma'aikata 8 suka rasu, kafin shekara ta ƙare aka rufe wurin. Idan babban kamfani ya tsaya, ɗan kwangilar da ke bayansa shi ke fara sallamar mutane. Rami kuwa, komai yawan zinariyarsa, yana da ranar ƙarewa.

Saboda haka ga tambayoyi huɗu da na ce ƙanena ya nemi amsarsu kafin ya sa hannu a kan komai.

Ta farko: wace irin takarda za a ba ka? Akwai kwangila mai wa'adi, wato CDD, akwai kuma marar wa'adi, wato CDI. Dokar ƙwadago ta 2008 ta buɗe wa masu kamfani ƙofar sabunta kwangila mai wa'adi sau da yawa, abin da ƙungiyoyin ma'aikata suka daɗe suna kuka da shi. Da na karanta takardar ƙanena sai na tarar ta shekara ɗaya ce. Ke nan ninkin albashin da ake kwaɗaita masa na wata 12 ne tabbatacce, saura kuwa sai yadda hali ya yi.

Ta biyu: ina makomar fanshonka? Ma'aikacin gwamnati asusun CARFO yake zuba wa, na kamfani kuwa CNSS. A nan CNSS sai mutum ya cika wata 180 yana zubi, wato shekara 15, kafin ya cancanci fanshon tsufa. Akwai dokar 1998 da ta haɗa asusun biyu don kada shekarun wanda ya sauya sheƙa su bi ruwa, amma wannan ba zai amfane ka ba sai idan maigidan naka ya yi maka rajista kuma yana biya da gaske. Na san wani abokin aikinmu da ya koma wata makaranta mai zaman kanta, ana cire masa kuɗi duk wata, sai bayan shekara shida da ya je dubawa ya tarar ko lamba ba shi da ita. Kada ka ji kunyar zuwa ofishin CNSS da ƙafarka ka tambaya.

Ta uku: ka yi lissafin abin da ba a rubuta a takardar albashi ba? Banki yana ba ma'aikacin gwamnati bashin gina gida ba tare da dogon turanci ba, don ya san albashi zai shigo. Mai kwangilar shekara ɗaya sai ya sha tambaya. Malami yana da babban hutu, yana kwana cikin iyalinsa. Mai aikin mahaƙa yakan yi makonni a daji. Wa zai duba karatun yara? Wa zai kai tsohuwa asibiti?

Ta huɗu: me ya sa za ka rufe ƙofa alhali doka ta bar maka taga? Dokar ma'aikatan gwamnati ta 2015, mai lamba 081, ta tanadi abin da ake kira disponibilite, wato mutum ya nemi izni a rubuce ya jingine aiki na wani lokaci. A tsawon lokacin ba albashi, ba ƙarin girma, amma lambarka tana nan, in abu ya ƙi ka nemi komawa. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya sulale ba sallama, don wannan gudun aiki ne, hukuncinsa kora. A tuna kuma yadda ake shan wuyar shiga: a 2023 takardun neman shiga konkur sun haura miliyan 1 nesa ba kusa ba, gurabe kuwa ba su kai 10,000 ba. Kujerar da ka raina, dubbai ke layi a kanta.

Akwai kuma wata magana tamu ta cikin gida. Kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar Mosi, suna bin hanyar goro zuwa Gwanja, shi ya sa har yau kasuwa ta fi ofis kwarjini a idonmu. Ba abin kunya ba ne. Amma waɗanda suka ga rusau na Zangouettin a 2003, lokacin shirin ZACA, sun san amfanin ɗan gida mai ilimi wanda ya san ƙofofin hukuma, ya iya karanta takardar fili ya fassara wa dattawa. Irin waɗannan ba mu da su da yawa. Duk ɗaya da ya fita, sai an ji giɓinsa.

Ban ce kowa ya mutu a aikin gwamnati ba. Saurayin da bai tara iyali ba, ko mai sana'ar da ake nema ko'ina kamar injiniya ko akanta, in ya samu CDI a wuri mai tushe, Allah ya ba da sa'a. Amma mai mata da 'ya'ya huɗu, wanda saura shekara huɗu ya cika 15 a bakin aiki, in ya ajiye don takardar shekara ɗaya, ya saki reshe ya kama ganye.

Abin da na gaya wa ƙanena ke nan da ya dawo ran Lahadi: ya koma ya ce su ba shi CDI da shaidar rajistar CNSS, shi kuma ya rubuta takardar neman disponibilite. In sun yarda kuma hukuma ta amince, ya tafi da albarkata. In sun ƙi, to sun ba shi amsa da kansu. Ya yi shiru, ya ce zai shawarci mai ɗakinsa. Na ce da ma da ita ya kamata ka fara.

Wanda ya taɓa yin wannan ƙaura, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, ya rubuto mana don na baya su amfana. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.