Dandalin Kwamfuta: Ranar da Ɗanjuma ya koma bayan Zainab

A makon nan zan ba ku labarin abin da ya faru da mu a ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare a nan Zuru, inda nakan je taya ɗalibai koyon rubuta manhaja.

Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta rubuta ƙaramar manhaja da harshen Python. Aikinta shi ne ta ɗauki sunayen 'yan ajinsu, kowane da makin da ya ci a jarrabawar lissafi, ta jera su bisa tsarin abacada. Da wannan takarda malaminsu zai zaɓi waɗanda za su wakilci ajin a gasar kacici-kacici. Ta danna, sunaye suka fito. Sai ta kira ni: "Malam, zo ka gani, kwamfutar nan ta rikice. Ta kai Ɗanjuma can ƙasa, bayan Zainab."

Na ce mata kwamfuta ba ta rikice ba, abin da aka gaya mata ta yi. Ita ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin ASCII da aka fara fitarwa a Amurka a 1963, babban A lambarsa 65, babban Z kuma 90. Ƙaramin a yana da 97. Wancan tsari bai tanadi haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai da Unicode ya zo a 1991 suka sami wuri, amma can nesa: Ɓ yana da 385, Ɗ 394, Ƙ kuma 408. To idan kwamfuta ta kwatanta 394 da 90, wa zai riga? Zainab ce mana. Haka kuma duk sunan da aka fara da ƙaramin harafi zai koma bayan Z, tunda 97 ya fi 90.

Maganin da muka yi mai sauƙi ne. Muka sa manhajar ta mayar da dukkan haruffa ƙanana kafin ta kwatanta. Sannan muka rubuta mata abacadar Hausa da kanmu, muka ba kowane harafi matsayinsa: a 1, b 2, ɓ 3, c 4, d 5, ɗ 6, har zuwa z. Ɗanjuma ya dawo wurinsa, bayan Dauda.

Da muka sake dubawa, sai ga Yakubu a saman kowa, gaban Audu. Mun daɗe muna kallon sunan ba mu ga aibunsa ba. Sai na ce ta sa manhajar ta faɗi yawan haruffan kowane suna. Yakubu haruffa shida ne, amma ta ce bakwai. Ashe lokacin shigar da sunan an taɓa maɓallin tazara kafin a rubuta Y. Ido ba ya ganin tazarar, amma kwamfuta na ƙirga ta, lambarta 32, ƙasa da ta kowane harafi. Alamar nan da ke cikin 'ya'ya, ko cikin C'lela, sunan harshen mutanen ƙasar Zuru, ita ma tana da tata lambar, 39, don haka ku kula da ita. Muka sa manhajar ta share tazarar gaba da baya, Yakubu ya sauka.

Yanzu sunaye sun jeru tsaf. Ɗalibar ta miƙe za ta je ta buga takarda. Na ce, "Dakata tukuna. Nemo sunanki ki gaya mini makinki." Ta duba, ta yi shiru. Makin da ke gaban sunanta ba nata ba ne.

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma ya fi na baya haɗari domin ba ya nuna kansa. Dabarar da ta bi ita ce ta musayar maƙwabta: a kwatanta suna da na kusa da shi, idan na gaba ya kamata ya riga sai a sauya musu wuri, a yi ta maimaitawa har jerin ya daidaita. Dabarar ba ta da laifi. Amma a layin da ake musayar, sunaye kaɗai ta sauya, ta bar maki a inda yake.

Ga misali da mutum uku. A ce Musa ya ci 40, Audu 75, Ladi 60, kuma haka aka shigar da su. Bayan jerawa sai ka ga Audu 40, Ladi 75, Musa 60. Sunaye sun yi tafiya, maki bai motsa ba. Audu da ya fi kowa ƙoƙari ya zama na ƙarshe. Abin da ya fi muni, ko ka tara makin duka, 175 za ka samu kafin jerawa, 175 bayan jerawa. Lissafi ya cika, amma an ba wani haƙƙin wani. Da takardar nan ta kai hannun malami, da an tura waɗanda ba su cancanta ba gasar, waɗanda suka sha wahalar karatu suna zaune a aji.

Gyaran layi ɗaya ne. Suna da maki da lambar rajista bayanin mutum ɗaya ne, dole su tafi tare, kamar fasinja da kayansa a tashar mota. Idan an sauya wa fasinja mota, ba a barin buhunsa a ta farko. Ta gyara layin ya ɗauki bayanin gaba ɗaya, komai ya daidaita.

Masu wannan sana'a suna kiran irin wannan kuskure ƙwaro. A 1947, a Jami'ar Harvard, masu aiki da wata na'ura mai suna Mark II sun taɓa ciro ƙwaro na gaske daga cikinta, suka liƙa shi a littafin aikinsu. Naku ƙwaron ba shi da fiffike, don haka ga yadda ake farautarsa. Kada ku fara gwaji da sunaye arba'in, ku fara da uku waɗanda kun riga kun san amsarsu. Ku ɗauki biro da takarda ku bi manhajar layi-layi kamar ku ne kwamfutar. Ku sa ta nuna muku jerin bayan kowace musaya. Ku gyara abu ɗaya, ku gwada, sannan ku taɓa na biyu. Kuma kada ku yarda da sakamako don kawai ya yi kyan gani.

Ga aikin wannan mako. Kwamfutar da ba a koya wa abacadar Hausa ba, yaya za ta jera waɗannan: Zainab, ɗanladi, Bala, Ƙasimu, audu? Wanda zai taimake ku: ƙaramin ɗ lambarsa 599. Ku rubuta amsarku ku ajiye, mu kwatanta a mako mai zuwa.